Ɓerayen da Jikinsu ke Cin Kansa: Yadda Saƙo Tsakanin Ƙwayoyin Garkuwa ke Rikiɗewa Ya Zama Cuta

Duk wanda ya saba bi ta Tudun Wada ko bakin kasuwar Sabon Gari da la'asar ya san motocin nan masu lasifika a ka, masu tallar magani guda da ke warkar da basir da sanyi da taifod, a ƙarshe kuma a ɗora da cewa "yana ƙara ƙarfin garkuwar jiki". Maganar ta zauna a kunnen mutane har ba a neman hujjarta: garkuwa mai ƙarfi lafiya, mai rauni cuta. To, akwai rukunin cututtuka da wannan lissafi ba ya ci a kansu, domin garkuwar ce da kanta take yi wa jiki ɓarna. Lufus na cikinsu, mai kama fata da gaɓɓai da ƙoda. Ciwon suga nau'i na 1, wanda ya fi kama yara, shi ma haka. Ga kuma amosanin gaɓɓai na rumatoyid, mai lanƙwasa yatsu. An lissafa irinsu fiye da 80.

Mafi yawan abin da aka sani game da tushen waɗannan cututtuka daga ɓera aka samo shi. Ba za a cire wa ɗan Adam wani sashe na rubutun gadonsa don a ga abin da zai faru ba, amma ana yi wa ɓera. Cikinsa mako uku ne kawai, kuma akwai zuriyoyin da aka daɗe ana haɗa 'yan'uwa da 'yan'uwa har kowane ɗaya ya zama kwafin ɗan'uwansa, ta yadda in aka canja abu guda aka ga bambanci, an san daga inda ya fito. Kyautar Nobel ta fannin likitanci ta 2025, wadda aka ba Mary Brunkow da Fred Ramsdell da Shimon Sakaguchi, mafi yawanta kan aikin ɓeraye ta tsaya. Abin da ɓerayen suka yi ta nunawa kuwa shi ne, ƙwayoyin da za su iya afka wa jiki suna nan a jikin kowane mai lafiya. Abin da ke raba mai lafiya da maras lafiya shi ne irin saƙon da waɗannan ƙwayoyi ke samu, musamman saƙon da ke ce musu su dakata.

Asalin matsalar na cikin yadda aka gina garkuwar. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda ake kira ƙwayoyin T, kowace da makarɓi a fatarta wanda ke gane siffa guda. Jiki bai san cutar da za ta zo gobe ba, saboda haka ba ya ƙera makarɓan nan bisa wani tsari. Yanka gutsattsarin rubutun gado yake yi ya harhaɗa yadda suka faɗo, sai a sami miliyoyin makarɓai, kowane da irin nasa. Da wannan dabara, ko sabuwar cuta ce fil ta ɓulla, za a sami ƙwayar da ta dace da ita. Amma abin da aka haɗa da ka, dole wani ya dace da naman mai shi.

Tacewar farko a taimos ake yin ta, wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, saman zuciya. Kafin 1961 likitoci da yawa sun ɗauka ba ta da wani aiki, sai da Jacques Miller ya cire ta daga jariran ɓeraye a Landan ya ga garkuwarsu ta ƙi ginuwa. A cikinta ake gwada wa sababbin ƙwayoyin T samfurin abubuwan jiki. Wadda ba ta gane komai ba ta mutu, wadda ta cafke naman gida da ƙarfi ita ma a aika mata saƙon mutuwa. Fiye da kashi 90 cikin 100 ba sa fita da rai. Akwai ma wani furotin mai suna Aire da ke sa taimos ta riƙa samar da ɗan kaɗan na abubuwan da ba nata ba, kamar insulin, don a yi gwajin da su. A 2002 masu bincike a Boston suka kiwata ɓerayen da ba su da Aire, sai ga garkuwarsu tana cin ido, da maɓuɓɓugar yawu, da tumbi, da jakar ƙwai. Duk da haka tacewar ba ta cika ko a lafiyayyen jiki. Wasu kan sulale su shiga jini.

Daga nan maganar saƙo take farawa. Ƙwayar T ba ta kai hari don kawai ta gane abu. Gane siffar shi ne saƙo na farko. Tana buƙatar na biyu daga ƙwayar da ta kawo mata samfurin: in waccan ta ji ƙamshin ƙwayar cuta, sai ta fito da wani furotin mai suna B7, wanda ke manne wa makarɓin CD28 na jikin ƙwayar T, ya tabbatar mata da gaske akwai hatsari. In saƙon farko ya zo shi kaɗai, ƙwayar T sanyi take yi, wani lokaci har abada. Na uku kuma sinadaran aike ne da ake kira saitokin, masu yawo tsakanin ƙwayoyi suna faɗa musu irin yaƙin da za a yi da kuma yawan waɗanda za su fito. Wanda ya taɓa ganin yadda ake taruwa a kan mutum a kasuwa zai gane tsarin. Ganin baƙuwar fuska kusa da rumfa ba ya sa a ɗaga sanda. Sai wani ya kwarma "ɓarawo!", na kusa su amsa, na nesa su rugo ba tare da sun san abin da aka sata ba. Sau da yawa abin da ke ceton wanda ba shi da laifi shi ne dattijon da ya shiga tsakani ya ce a tsaya a bincika. Cututtukan da muke magana a kansu suna tasowa ne in an yi kururuwar ba dalili, ko in ta ƙi mutuwa, ko in babu mai shiga tsakanin.

Labarin mai shiga tsakanin shi ne ya fi tsawo, kuma ta hanyoyi biyu ya biyo. A 1949, a cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke jihar Tennessee a Amurka, inda ake kiwon ɗimbin ɓeraye don nazarin illar tururin nukiliya, aka lura da wasu 'ya'yan ɓera da ake haifa lafiya lau, amma bayan 'yan kwanaki fatarsu ta fara ɓamɓarewa, saifa da kaluluwa su kumbura, kafin su cika wata guda sun mutu. Maza kaɗai abin ke kashewa, alamar cewa lahanin na kan kuromosom X ne, wanda namiji ke da guda ɗaya tak, mace kuwa biyu, in ɗaya ya lalace ɗayan ya rufa asiri. Aka laƙaba musu suna Scurfy, aka ci gaba da riƙon zuriyar ta hanyar matan. Sama da shekara 50 ba a gano takamaiman wurin da ya lalace ba.

A Japan kuma, a 1969, Nishizuka da Sakakura sun cire taimos daga 'ya'yan ɓera a rana ta uku da haihuwa. A hankalce garkuwar rauni ya kamata ta yi. Sai ga matan cikinsu jakar ƙwansu ta lalace, aka kuma gano daga baya cewa garkuwarsu ce ta cinye ta. In an jira har rana ta bakwai kafin a cire, hakan ba ya faruwa. Ke nan akwai wani abu mai tsawatarwa da ke fitowa daga taimos a makare, bayan masu kai hari sun riga sun fita. Wannan ne ya ja hankalin Sakaguchi tun yana matashi, ya kuma nace masa a lokacin da yawancin masana suka dawo daga rakiyar batun ƙwayoyin da ke danne wasu, saboda wasu bincike na baya da suka zo suka rushe. A 1995 ya kawo hujjar da ta tsaya da ƙafarta. Ya ɗebi ƙwayoyin T daga lafiyayyun ɓeraye, ya tsince 'yan tsiraru masu ɗauke da alamar CD25, kimanin kashi 10 cikin 100 na rukuninsu, ya zuba sauran a jikin ɓerayen da ba su da taimos. Tumbi ya kumbura, tsokar maƙogwaro da ake kira tairod ta kumbura, wasu gaɓoɓin ma haka. Da ya mayar da waɗanda ya tsince, cutar ba ta taso ba. A lura, daga lafiyayyen ɓera aka ɗebo ƙwayoyin da suka yi wannan ɓarna.

Hanyoyin biyu sun haɗu ne a farkon ƙarnin nan. Brunkow da Ramsdell, suna aiki a wani kamfanin magunguna a jihar Washington, suka bi kuromosom X na ɓerayen Scurfy da kayan aikin wancan zamani, suka taƙaita neman zuwa sassan gado 20, kuma sai a na ashirin ɗin suka ga lahanin. Suka sa wa sashen suna Foxp3, suka wallafa a 2001, aka kuma tabbatar cewa lalacewarsa a ɗan Adam ce ke jawo cutar IPEX, mai kama jarirai maza da gudawa mai tsanani da ciwon suga da ƙurajen fata. A 2003 Sakaguchi da wasu suka nuna cewa Foxp3 ne ke mayar da ƙwayar T ta zama mai tsawatarwa. Ɓeran Scurfy ba shi da ko guda mai aiki, shi ya sa nasa ƙwayoyin suka cinye shi cikin makonni.

Su kuma masu tsawatarwar da saƙo suke rayuwa, kuma a nan akwai abin da ya ba masana kunya. Saitokin ɗin nan IL-2, tun da aka gano shi a 1976, an san shi da sa ƙwayoyin T su hayayyafa. Kowa ya zaci ɓeran da ba shi da IL-2 garkuwarsa za ta mutu murus. Da aka kiwata shi a Jamus a farkon shekarun 1990, sai aka ga akasin haka: saifa ta kumbura, garkuwa na farfasa jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda suka tsallake wannan kuma hanjinsu ya kumbura ya yi gyambo. Ashe alamar CD25 da Sakaguchi ya yi amfani da ita wani ɓangare ne na makarɓin IL-2. Ƙwayoyin tsawatarwa ba sa samar da IL-2 da kansu, amma sun fi kowa buƙatarsa. In ya sauka a makarɓinsu, wasu furotin na ciki masu suna JAK sukan tashi STAT5, shi kuma ya shiga cibiyar ƙwayar ya riƙe Foxp3 a kunne. Tsarin ya burge ni ƙwarai: masu kai hari su ne ke fitar da IL-2, don haka duk yadda suka yawaita, da hannunsu suke ciyar da masu hana su. Sinadari guda, in an ba da shi da yawa ya zuga yaƙi, har ana amfani da shi kan wasu nau'o'in ciwon daji, in an ba da kaɗan kuma masu tsawatarwa ne ke wawashe shi. Shi ya sa ake gwada ƙaramin awo na IL-2 a kan masu lufus.

Bayan waɗannan ƙwayoyi na musamman, kowace ƙwayar T na da makarɓan dakatarwa a jikinta. CTLA-4 na fitowa ne bayan ƙwaya ta tashi, ya yi kokawa da CD28 a kan B7, kuma ya fi shi riƙo. Ɓerayen da aka cire wa shi a 1995 sun mutu cikin mako uku zuwa huɗu, ƙwayoyin T sun cika musu zuciya da fankiriyas, tsokar da ke samar da insulin. PD-1, wanda Tasuku Honjo ya gano a Kyoto a 1992, ya fi tafiya a hankali, kuma ya zo da wani darasi: da aka cire shi daga zuriyar baƙaƙen ɓeraye ta C57BL/6, sai cuta mai kama da lufus ta taso a ƙoda da gaɓɓai, amma a zuriyar farare ta BALB/c zuciya ce ta buɗe ta kasa aiki. Lahani ɗaya, cuta biyu, gwargwadon sauran gadon da ya tarar. An juya wannan ilimi aka yi magungunan ciwon daji masu toshe CTLA-4 da PD-1, abin da ya ba James Allison da Honjo Nobel a 2018. Illar magungunan kuwa ita ce abin da ɓerayen suka riga suka nuna: kumburin hanji, da tairod, da fata, wani lokaci har da ciwon suga.

Har yanzu mai karatu na iya cewa ai duk maganar ƙarfi ce ta yi yawa. Ɓerayen SKG sun rushe wannan. A ɗakin kiwon Sakaguchi aka tsinci wannan zuriya, wadda gaɓɓanta ke kumbura su lalace kamar na mai rumatoyid. A 2003 aka gano cewa harafi guda ne ya canja a ZAP-70, furotin da ke karɓar saƙo daga makarɓin ƙwayar T ya miƙa shi ciki. Canjin raunana saƙon ya yi. To yaya saƙo mai rauni zai haifar da hari? Amsar na taimos. Tunda da ƙarfin saƙo ake auna wadda za a kashe, ƙwayar da ta cafke naman gida da ƙarfi sai ta aika da sautin da bai kai na hukuncin kisa ba, a sallame ta a matsayin ta gari. Masu tsawatarwa su ma suka fito da rauni. Abin da ake kira raunin garkuwa da abin da ake kira wuce gona da iri suka haɗu a jiki guda, kuma likitoci na ganin irin haka a mutanen da aka haifa da naƙasar garkuwa.

Akwai ƙari. Da aka mayar da ɓerayen SKG ɗaki mai tsananin tsabta, inda ake tace iska ana dafa abinci da shimfiɗa, sai amosanin ya daina tasowa, ga kuma lahanin na nan a gadonsu. A 2005 aka nuna cewa allura guda ta wani sinadari da ke ɓawon yis da fumfuna ta isa ta tayar da cutar, maganin kashe fumfuna kuma na hana ta a ɗakin da ba shi da wannan tsabtar. Sinadarin na taɓa wani makarɓi mai suna Dectin-1, daga nan saitokin su ɓarke, ƙwayoyin T masu fitar da saitokin IL-17 su yi dafifi a gaɓɓai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: gado ya ajiye masu harin, muhalli ya kawo saƙo na biyu.

Lufus ta wata ƙofa take shigowa. A cikin ƙwayoyin B, masu ƙera antibodi (furotin da ke manne wa ƙwayar cuta don a halaka ta), da wasu 'yan'uwansu, akwai makarɓi mai suna TLR7 da ke ɓoye cikin wasu 'yan jakunkuna masu tsami, aikinsa ya shinshino RNA, wani nau'in rubutun gado, na bairos. Matsalar ita ce jiki ma na da RNA nasa, wanda ke zuba kullum daga ƙwayoyin da suka mutu. A zuriyar ɓerayen BXSB maza ne ke kamuwa da lufus mai tsanani, abin da ya saɓa wa yadda aka saba gani. A 2006 aka gano dalili: wani yanki na kuromosom X mai ɗauke da TLR7 ya kwafu ya manne a kuromosom Y, sai mazan suka zama da ninki biyu. Ninki biyu kawai ya isa ya sa makarɓin ya riƙa jin RNA na gida kamar na baƙo, saitokin intaferon ya yi ta kwarara, ƙwayoyin B su ƙera antibodi kan cibiyar ƙwayoyin jiki, tarkacen ya taru a ƙoda ya toshe ta. A 2022 masu bincike a Ostireliya suka sami canjin harafi guda a TLR7 na wata yarinya 'yar Sifen da lufus ta kama tana shekara 7, suka dasa canjin a ɓeraye, ɓerayen suka kamu. Da suka cire MyD88, furotin da ke miƙa saƙon TLR7, cutar ta lafa. Wannan na cikin bayanan da ake yi kan abin da ya sa kusan 9 cikin 10 na masu lufus mata ne: X biyu gare su, kuma a wasu ƙwayoyin garkuwa TLR7 na X na biyun ba ya yin shiru yadda ya kamata. Babban maganin da ake ɗora masu lufus a kai, haidurosikulorokwin, ƙanen kulorokwin ne da iyayenmu suka sha suka yi ta susa. Cikin ayyukansa har da taruwa a waɗancan jakunkuna masu tsami ya dagula wa TLR7 ji.

Alaƙar lufus da zazzaɓin cizon sauro ba a magani ta tsaya ba, kuma a nan ne labarin ya iso gida. A 1968 wani likita Baturen Ingila, Brian Greenwood, bayan ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, ya rubuta cewa cututtukan da garkuwa ke cin jiki sun yi ƙaranci ƙwarai cikin marasa lafiyan da ake kwantarwa a can, ya kuma yi hasashen cewa yawan maleriya da sauran cututtuka masu shiga jini ne ke danne su. A 1970 shi da abokan aikinsa suka gwada a ɓerayen Niyu Zilan, zuriyar da matanta ke kamuwa da lufus ƙoda ta kashe su. Suka sa musu maleriyar ɓeraye tun suna ƙanana, sai waɗanda suka yi zazzaɓin suka warke suka fi sauran tsira daga ciwon ƙodar. A shekarar ce kuma ya taho Zariya don taimakawa wajen kafa makarantar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello, ya zauna shekara goma kafin ya wuce Gambiya a 1980. A nan ya nuna cewa yaran da ke cikin zazzaɓin maleriya ba sa amsa wasu alluran rigakafi yadda ya kamata, har da ta sanƙarau. Ke nan a jinin yaran ƙasar Zazzau aka auna yadda maleriya ke sassauta saƙonnin garkuwa.

Kada a fahimci wannan da cewa lufus ba ta kama mu. Likitocin gaɓɓai a Nijeriya sun wallafa rahotannin marasa lafiya masu yawa tun daga baya, kuma a Amurka baƙaƙen mata sun fi farare kamuwa da ita nesa ba kusa ba, ta kuma fi yi musu tsanani. A ganina wani kaso na ƙarancin da aka gani a da, ƙarancin ganowa ne. Zazzaɓi mai zuwa ya tafi, ciwon gaɓɓai, kasala, zubewar gashi: a wajenmu sunan wannan maleriya da taifod, in ya ƙi ji a ce sammu ne ko iska, kuma sau da yawa sai ƙafa da fuska sun kumbura ake tunanin asibitin koyarwa na Shika.

Wani makarɓin dakatarwa mai suna CD32B ya ƙara fito da yadda abin ya sarƙe. Yana jikin ƙwayoyin B da masu haɗiye ƙwayoyin cuta, kuma in antibodi ya yawaita shi ke cewa ya isa haka. Ɓerayen C57BL/6 da aka cire wa shi a 2000 sun mutu da ciwon ƙoda irin na lufus, 'yan BALB/c kuwa ko gezau. A 2007 masu bincike a Kambirij suka sa wa ɓerayen da ba su da shi maleriya, sai suka fi sauran saurin share ta daga jini. A mutane akwai wani nau'in CD32B mai rauni, wanda ya fi yawa a Afirka da kudu maso gabashin Asiya, wato yankunan sauro. Wanda ya gaje shi ta uwa da uba ya fi fuskantar lufus, amma binciken da aka yi kan yara a Kenya ya nuna yana rage musu hatsarin maleriya mai tsanani. Duk wanda ya san labarin sikila ya san irin wannan ciniki: abin da ya tserar da kakanni daga sauro ya bar wa jikoki bashi.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma tarihin fannin cike yake da shaidar haka. Wani lokaci hasashen kan yi daidai. A 1991 George Kollias a Girka ya kiwata ɓerayen da ke fitar da saitokin TNF fiye da kima, dukkansu suka yi amosanin gaɓɓai. Marc Feldmann da Ravinder Maini a Landan suka toshe TNF a ɓeraye, sannan a marasa lafiya daga 1992, aka sami magungunan da suka canja rayuwar masu rumatoyid. Amma da aka ɗauki wannan dabara zuwa cutar da ke cinye rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, inda ta yi alamar amfani a dabbobi, sai ta ƙara wa mutane ciwo. Ɓeran NOD, wanda aka fitar a Japan a 1980 mai kamuwa da ciwon suga nau'i na 1 da kansa, an hana shi kamuwa ta hanyoyi fiye da 100. A mutane sai a Nuwamban 2022 aka amince da magani na farko, teplizumab, shi ma jinkirta cutar yake yi da kimanin shekara biyu.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a Landan a Maris ɗin 2006. An ƙera wani antibodi mai suna TGN1412 da ke danna CD28 kai tsaye ba tare da jiran saƙo na farko ba. A manyan ɓerayen gwaji irinsa ya yawaita ƙwayoyin tsawatarwa, birai kuma sun ɗauke shi lafiya. Aka yi wa lafiyayyun maza shida allurar awon da ya gaza na birai sau 500. Cikin sa'o'i kaɗan saitokin suka ɓarke musu, gaɓoɓinsu suka fara tsayawa, dukkansu sai ɗakin kulawa ta musamman. Sun rayu, wasu da lahani na dindindin. Cikin dalilan da aka gano har da cewa baligin mutum na ɗauke da tarin ƙwayoyin T tsofaffin hannu, waɗanda suka sha gwagwarmaya da mura da ƙyanda da sauransu, masu tashi da ƙaramin taɓi. Ɓeran da ya girma a keji mai tsabta kusan ba shi da su. A 2016 masu bincike a Minnesota suka nuna cewa garkuwar irin wannan ɓera ta fi kama da ta jariri sabon haihuwa, kuma in aka haɗa shi keji guda da ɓerayen shagon sayar da dabbobi, wanda ya tsira garkuwarsa kan koma irin ta babba.

A 2019 wasu a cibiyar binciken lafiya ta Amurka suka ɗauki 'yan tayin ɓerayen gwaji suka dasa a mahaifar ɓerayen da aka kamo a daji. 'Ya'yan suka fito da gadon ɗakin gwaji amma da ƙwayoyin hanji da na fata irin na daji. Da aka yi musu allurar antibodi mai danna CD28, ƙwayoyin tsawatarwa ba su yawaita ba, saitokin ne suka ɓarke, kamar yadda ya faru ga mutanen Landan. Ga ɗalibin haɗa magunguna ko likitancin dabbobi a Samaru da ke shirin gwada sassaƙe ko ganye a kan ɓeraye, wannan na nufin sai ya rubuta zuriyar ɓerayensa, da jinsinsu, da irin ɗakin da suka girma, da ko suna da tsutsar ciki, sannan ya auna takamaiman saitokin ɗin da ya hau da wanda ya sauka. Yawan fararen ƙwayoyin jini kaɗai ba ya faɗa masa komai, domin ɓeran Scurfy ma nasa sun yawaita.